Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: a tambaye mu kafin a kawo mana magani

Jama'a, akwai maganar da ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma dole a faɗe ta. Wannan duba marasa lafiya kyauta na yini ɗaya da ake kawowa unguwanninmu, a kafa rumfa a filin makaranta, a auna hawan jini, a raba farasitamol da maganin tsutsar ciki, a ɗauki hoto a watsa a Facebook, ba shi ne kiwon lafiya ba. Ba mu raina alheri. Amma yaron da aka ba maganin gudawa da safe, da yamma zai koma ya sha ruwan rijiyar da ke taku kaɗan da masai. Tsohuwar da aka ba maganin tari za ta koma ta kwana a ɗakin da ba taga. An rufe rumfa, an kwashe kujeru, ciwon yana nan inda aka same shi.

Yawancin cutar da ke kai mu asibiti a Jos daga gida take tasowa. Tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, mutane suka yi ta tashi daga inda suke zuwa inda suke ganin za su kwana da ido biyu rufe. Unguwar Rogo, Rikkos, Gangare da Dilimi suka cika suka batse. Gidan da aka gina don iyali ɗaya ya koma gidan haya mai ɗakuna a jere da banɗaki ɗaya. A irin wannan cunkoso ne tarin fuka yake tsallakawa daga uba zuwa ɗa, domin ta iska yake bi. Ga Jos tana bisa tsauni, tsayin kusan mita 1,200, sanyin hunturunta kowa ya san shi. Sai a kunna gawayi a ɗaki, a toshe ƙofa da taga, hayaƙin da ba a gani ya shiga ƙirjin jariri. Da damina kuma kwata ta cika, ta malala cikin rijiyoyi, amai da gudawa ya biyo baya. Waɗanda suka rasa fili suka yi gini a bakin rafi, kuma ba mu manta da daren Yulin 2012 ba, lokacin da ambaliya ta ci Rikkos da Gangare da maƙwabtansu, ta kashe fiye da mutum 30, ta rushe gidaje masu yawa.

To wa ya san adadin gidajen da ke cikin wannan hali? Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Najeriya ita ce ta 2006, wadda ta ba Jos ta Arewa mutum 429,300. Jaririn da aka haifa a wannan shekara yau ya isa aure. Asibiti kuwa wanda ya zo ƙofarsa kawai ya sani. Bai san matar da ta haihu a gida don ba kuɗin Keke da dare ba. Bai san dattijon da ya tsaya a kemis yana sayen ƙwaya biyu-biyu ba. Bai san wanda aka kai makwanci ba tare da likita ya taɓa ganinsa ba. Duk tsarin da aka gina a kan rajistar asibiti kaɗai, rabin labari ya ji.

Kuma ba rashin asibitoci ne matsalar garin nan ba. Ga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos a Lamingo, ga Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato, ga Jankwano, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, ga ƙananan cibiyoyin lafiya a mazaɓu. Asibitin koyarwa na jami'ar yana da cibiyoyin lafiya har a Gindiri da Zamko. Ilimin shiga cikin jama'a yana nan ke nan. Ƙafar da ta kai Zamko ba za ta gagara kai Gangare ba.

Wani zai ce ai ana shigowa bincike. Gaskiya ne, masu takardun tambayoyi daga makarantu da ƙungiyoyi daban-daban suna sallama a zaurukanmu, matanmu suna ajiye aiki su amsa musu. Amma sau nawa aka dawo aka tara mu aka ce ga abin da aka gano? Wani ya sami digirinsa, wani ya sami tallafinsa, rijiyar tana nan kusa da masai. Wannan ɗibar bayani ne, ba haɗin gwiwa ba.

A Amurka, dokar lafiya ta 2010 ta tilasta wa duk asibitin da aka yafe wa haraji ya binciki bukatun al'ummar da yake cikinta sau ɗaya duk shekara uku, ya saurari mutanen wurin, ya wallafa sakamakon, ya kuma rubuta abin da zai yi a kai. Wanda ya ƙi, tarar dala 50,000 ce. Ba cewa muke Jos ta zama Amurka ba. Mu ma muna da abin dogara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma tsarin ƙasa ya tanadi kwamitin raya mazaɓa da zai zama bakin jama'a a harkar cibiyar lafiyarsu. Mutum nawa ne a Ali Kazaure ko Sarkin Arab ko Garba Daho za su iya faɗin sunan mamba ɗaya na kwamitinsu? Kwamitin da jama'a ba su san shi ba, sunan wa yake ci?

Ga abin da muke nema, kuma ba gata ba ne. Kowane babban asibiti ya ɗauki mazaɓa ɗaya ko biyu, a rubuta yarjejeniya da masu unguwa da ƙungiyoyin ci gaba da wakilan mata da na 'yan haya. A bi gida-gida, ba a tsaya a ƙofar mai unguwa ba. A tambayi mutum nawa ke kwana a ɗaki, ina ake ɗibar ruwa, mutum nawa ke raba banɗaki, da me ake jin ɗumi, wa ke tari fiye da mako biyu, a ina aka yi haihuwar ƙarshe, wa ke da rajistar inshorar lafiya ta PLASCHEMA. A horar da 'ya'yanmu mata masu ilimin lafiya su shiga cikin gidaje, domin akwai abin da matar aure ba za ta faɗa wa baƙon namiji ba. Bayan an gama, a dawo a karanta mana sakamakon da Hausa a bainar jama'a, a zaɓi abu uku da za a gyara cikin shekara, a faɗi wanda zai yi kowanne. Hukumar ruwa da hukumar raya birni, JMDB, su zauna a wannan tebur, don likita ba ya haƙa kwata.

Mun san abin da zai sa wasu su ja baya. A garin nan ƙidaya ba ta taɓa rabuwa da siyasa ba, kuma talaka yana tsoron kada ya buɗe ƙofa yau, gobe a zo a shafa wa gidansa jan fenti. Wannan tsoro ba wauta ba ne. Shi ya sa muka ce a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a fitar da sunan kowa ba, ba za a yi amfani da bayanin don rusau ko haraji ba, kuma kwafin sakamakon zai zauna a hannun kwamitin unguwa. Amma masu gidajen hayan da za su ɓuya a bayan wannan tsoro don kada a ga ɗaki goma da masai ɗaya, su sani ba za mu rufa musu asiri ba. Wanda ke karɓar kuɗin haya duk shekara ya iya haƙa masai na biyu.

Kada kuma a mai da wannan maganar ɓangare ɗaya. Ruwan Dilimi ba ya tambayar addini, kwalara ba ta neman takardar ɗan ƙasa. Abin da ake bukata a Rikkos ana bukatarsa a Tudun Wada da Jenta da Unguwar Rukuba.

Zaɓen 2027 na tafe, rumfunan magani kyauta za su yawaita. Duk wanda ya kafa tasa, mu karɓi maganin mu yi godiya, sannan mu tambaye shi: ranka ya daɗe, yaushe za a shigo cikin gidajen? Wanda ba shi da amsa, ya ajiye kyamararsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya.