Mentol: Abin da gwaji kan ɓeraye ya nuna game da taba sigari

Da zarar hunturu ya kankama a Wurno da Rabah da Goronyo, cinikin man Robb da Mentholatum da alewar Tom Tom kan ƙaru, musamman a wajen manoman rani da ke sammako zuwa fadamun kogin Rima. Abin da ke ba waɗannan kayayyaki sanyinsu shi ne mentol, sinadarin da ake samu daga na'a-na'a. Shi ne kuma kamfanonin taba ke sanyawa a wasu nau'o'in sigari.

An daɗe ana ɗaukar cewa aikinsa bai wuce fata da maƙogwaro ba. A 2002 masana a Amurka suka gano cewa yana yaudarar jijiyoyin da ke jin sanyi ne, binciken da ke cikin waɗanda suka kai David Julius da Ardem Patapoutian ga kyautar Nobel a 2021.

Sai dai kuma tasirinsa ya kai har ƙwaƙwalwa. A Japan, Toyoshi Umezu da abokan aikinsa sun lura cewa ɓerayen da aka yi wa allurar mentol sun fi sauran kai-komo. A 2003 suka nuna cewa idan aka ba ɓerayen magungunan da ke toshe aikin dofamin, wato sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da motsi da jin daɗi, zirga-zirgar takan ragu. Daga baya masu bincike a cibiyar Caltech ta Amurka suka gano cewa mentol na ƙara yawan kafofin da nikotin ke maƙalewa a ƙwaƙwalwar ɓeraye, kuma idan aka haɗa su biyu ɓerayen sun fi kwaɗayin nikotin.

Wannan ba dalili ba ne na tsoron alewa ko man shafawa, domin adadin da aka ɗura wa ɓerayen Japan ya zarce abin da mutum ke samu nesa ba kusa ba. Inda matsalar take shi ne sigari: mentol na rage kaushin hayaƙi ga matashin da ke koyon sha, sannan akwai alamun yana sa dainawa ta yi wuya.

Tarayyar Turai ta haramta irin wannan sigari a 2020, yayin da Amurka ta janye nata shirin a 2025. A Najeriya, dokar taba ta 2015 ta hana sayarwa ga 'yan ƙasa da shekara 18 da kuma sayar da kara ɗai-ɗai, amma a kasuwannin karkara ba safai ake ganin mai tabbatar da ita ba.