Wasiƙar Bagobiri: Jinyar Uba Mai Ciwon Daji

Zuwa ga Edita,

A wannan mako ina roƙon fili in yi magana da 'yan'uwana malaman makaranta da akawuna na ƙasar Sabon Birni da Isa, gama mu ake aiko wa ran da tsoho ya kwanta. Mai albashi, kome ƙanƙantar albashin, shi ne ma'ajin gidansu. To, akwai ciwon da ke cinye ma'aji duk da baitulmalinsa, watau ciwon daji, wanda waɗansu ke kira sankara.

Gidajen da na ga abin ya faɗa musu, hanyarsu kusan ɗaya ce. Tsoho ya ga jini a fitsari ya yi shiru, domin ya saba ganinsa tun yana yaro. Mu mutanen fadama har mukan ce wai alamar balaga ce. Ba haka ba ne, tsargiya ce. Tsutsarta daga katantanwar ruwa take fitowa, ta huda fatar mai wanka ko mai su ko mai aikin shinkafa a gulbin Rima da Bunsuru, sa'an nan ƙwayayenta su maƙale a bangon mafitsara. Shekara da shekaru suna yin miki, har a wajen waɗansu mutane mikin nan ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo sun daɗe da rubuta cewa ciwon dajin mafitsara yana cikin waɗanda suka fi kama maza a ƙasar Sakkwato. Saboda haka yaro mai fitsarin jini a nema masa ƙwayar tsargiya, dattijo kuwa a kai shi a duba, ko da ba ya jin zafi.

Amma me muke yi? Mu fara da mai kemis, daga nan mai magani na ranar kasuwa, daga nan a ce akwai wani gwani a hayin iyaka. Kowa ya karɓi nasa. Akuya ta tafi, san noma ya bi ta. Ga kuma maganar nan da ta kashe mutane da yawa, wai ciwon daji ba ya son allura. Ran da za a isa Sakkwato aljihu ya riga ya bushe, ciwo kuwa ya yi saiwa. Ni ban hana kowa addu'a ba, amma addu'a ba ta hana a shiga mota. Kuɗin farko, tun da ƙarfinsu, na awo ne. A ɗauki hoton ciki, a leƙa mafitsara da na'ura, a yanko ɗan nama a auna. Sai an san sunan ciwo da inda ya kai tukuna ake sanin ko aiki za a yi, ko allurai, ko gashi.

Na san hanya ba ta da daɗi. Ba wanda ya manta matafiyan da aka ƙone cikin mota a ƙasar Sabon Birni a watan Disamba na 2021, shekarar da aka yanke mana layin waya. Kuɗin mota kuma ya hau tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023. Waɗansu sukan gwammace Maraɗi ko asibitin Galmi, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai ku tuna an rufe iyaka a watan Agusta na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai Maris na 2024. Jinyar watanni ba a jingina ta da ƙofar da za a iya kullewa dare ɗaya. In likita ya ce gashi, galibi kwana 5 ake yi a mako, har makonni, tsallake kwanaki kuwa yana rage amfaninsa. Ke nan a nemi masauki a Sakkwato wajen dangi tun kafin a fara, kada a ce za a riƙa kai da komowa ta Goronyo.

Kai da ka yi karatu, ga naka aikin. Sayi littafi. Rubuta abin da kowane ɗa ya kawo da abin da aka kashe, ka haɗa takardun awo wuri ɗaya. Na ga 'yan uba sun daina gaisawa a kan kuɗin jinyar da ba wanda ya rubuta. Ka tambayi Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, gama takan taimaki marasa lafiya. Gwamnatin Tarayya ma ta fara wani asusu na masu ciwon daji a 2021, ko da yake da iri 3 kaɗai ya soma, na mama, na bakin mahaifa, da na ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar maza. Tambaya ba ta cin kwabo. Kuma cikin littafin nan kada ka manta da mahaifiyarku ko ƙanwarka da ke kwana a tabarma gefen gado, tana juye robar fitsari, tana wankin zane. Wanda ya aiko kuɗi daga Kano bai fi ta ba. A riƙa karɓarta ta huta.

Saura magana mai nauyi. Sau da yawa 'ya'ya sukan haɗa baki su ɓoye wa uba sunan ciwonsa, su sayar da gonarsa bai sani ba, wai don kada hankalinsa ya tashi. Ni ban yarda da wannan ba. Mutumin da ya aurar da ku ba yaro ba ne, jikinsa kuwa ya riga ya gaya masa. Yana da bashi da zai so a biya, da ajiyar mutane, da wasiyya. Gonar ma tasa ce, daga ita ƙannenku ke ci. Babban ɗa ya zauna gabansa ya ce, Baba, ga abin da likita ya gani, ga abin da za a kashe, me ka ce?

Kafin wannan zama, ku tambayi likita a fili, maganin nan na warkarwa ne, ko na sauƙaƙa zafi? In na warkarwa ne, kuma Baba ya yarda, a sayar da abin da za a sayar. In kuwa na sauƙi ne, akwai magani mai ƙarfi na kashe zafi wanda likita ke rubutawa. A karɓa, a koyi yadda ake ba shi, a tambayi tsoho inda ya fi so ya kwanta.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin. Wassalam.

Naku,
Bagobiri.