Wanda Bai Saurara Ba, Da Wane Baki Zai Yanke Hukunci?

Akwai wata ɗabi'a da ta yi mana katutu a nan arewacin Kamaru, wato mu yanke wa abu hukunci tun kafin mu san sunansa. Mu ma'aikatan rediyo mun fi kowa ganin ta, domin layin waya a buɗe yake, mai kira kuma ba ya asarar komai sai kuɗin kati. Ina girmama masu sauraro, da bazarsu muke rawa. Amma girmamawa ba ta hana a gaya wa mutum gaskiya, kuma a kan kundin waƙoƙin Zã Keli, da yawanku kun yi gaggawa.

Ga wanda bai ji shirin ba, kundin na wata ƙungiya ce daga Lome ta ƙasar Togo mai suna Arka'n Asrafokor, ya fito a 2019. Suna yin kiɗan da ake kira metal, suna haɗa shi da gangunan ƙabilarsu ta Ewe, suna waƙa da harshen Ewe da Turanci da Faransanci. Waƙoƙi biyu na sa a shirina na kaɗe-kaɗen duniya. Kafin ta biyu ta ƙare, kira da saƙonnin WhatsApp sun yi ta shigowa daga Garwa, Pitowa, Gidar, har da Yola ta tsallaken iyaka. Da na tace su, ƙorafi uku na samu: hayaniya ce kawai, baƙon abu ne, kuma kiɗan shaiɗan ne. Bari mu ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Masu cewa hayaniya ce, kunnensu ne bai saba ba. Kiɗan nan yana da tsari da tarihi. Ya samo tushe a Birmingham ta Ingila, garin masana'antu, inda ƙungiyar Black Sabbath ta fitar da faifanta na farko a 1970. Mai kaɗa musu jita, Tony Iommi, ya rasa kan yatsunsa biyu a wata masana'antar ƙarfe, sai ya sassauta tsirkiyar jitarsa don ya iya dannawa, sautin ya ƙara nauyi. A shekarun 1980 matasa a Amurka da Jamus da Barazil, irin su Metallica da Kreator da Sepultura, suka ƙara masa gudu, aka samu reshen da ake kira tirash. Daga baya a birnin Gothenburg na Suwidin, ƙungiyoyin At the Gates da In Flames da Dark Tranquillity suka fito da wani salo inda mawaƙi ke gurnani da maƙogwaro, jita biyu kuma su ɗauki karin waƙar. Faifan At the Gates na 1995 shi ake yawan kafa misali da shi. A irin wannan kiɗa, wanda ya bi muryar mawaƙi yana neman zaƙi zai dawo hannu rabbana, domin zaƙin yana hannun masu jita. Mai ganga kuwa da ƙafa biyu yake duka, kuma in ya kuskure bugu ɗaya, duk tafiyar ta watse. Hayaniya ba ta bukatar shekaru ana koyon ta. Wannan kuwa sai an yi shekaru.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Bahaushe ne ke kukan kiɗa ya yi zafi. Wa ya taɓa tsayawa a filin dambe ya ji kalangu na kiran ɗan wasa? Wa ya ga 'yan tauri an kaɗa musu takensu, tsuma ta tashi, suna gurza wuƙa a ciki? Kirarin mafarauci da murya mai laushi ake yin sa? Ɗan Anace ya yi wa Shago waƙa cike da zancen kisa da kabari, iyayenmu suna jin ta a kaset suna gyaɗa kai. Kassu Zurmi ya waƙe 'yan tauri da mafarauta. Gambu ya yi wa ɓarayi waƙa ƙiri-ƙiri, har yau ana sauraron sa. Duk waɗannan mun sa su a taskar al'ada. Yaron Lome ya buɗe maƙogwaro ya yi kirarin mayaƙan kakanninsa, sai muka toshe kunne muka ce ya haukace. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai masu cewa baƙon abu ne. To, a kawo mini ɗan gida. Fiyanon da ake kaɗa waƙoƙin fina-finan Kano da shi, kamfanonin Japan ne suka ƙera yawancinsa. Karin waƙoƙin soyayyar da ke tashi a kowane shagon cajin waya, kowa ya san da yawansu daga fina-finan Indiya aka ɗebo su. Na'urar da ke lanƙwasa muryar mawaƙi har ta koma kamar ta tsuntsu, daga Amurka ta zo. A bukukuwanmu na Garwa ana cashewa da makosa da bikutsi na kudu da kiɗan Kwango da na Abijan, ba wanda ya nemi takardar haihuwarsu. Marigayi Ali Baba, ɗan garin nan, ya ɗauki kiɗan Fulani ya haɗa da kayan zamani ya kai shi Turai, yau muna alfahari da shi. Mdou Moctar na Nijar, wanda jitarsa ke ƙara kamar tsawa a manyan dandalin Amurka, a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da salon waƙoƙin Hausa na lokacin. Ashe baƙunta ba ta dame mu ba. Baƙon da ya zo da murmushi da zancen soyayya muna shimfiɗa masa tabarma, wanda ya zo da fushi shi muke kora.

Fushin kuwa yana da dalili. Waƙar Metallica da ta ba faifansu na 1986 suna, wato Master of Puppets, a kan yadda ƙwaya ke mayar da mai shan ta bawa take magana. Duk wanda ya san abin da tiramol ya yi wa matasanmu masu achaba ya san wannan zance namu ne. Wata waƙar tasu ta ba da labarin sojan da yaƙi ya raba da hannuwa da ƙafafu. Mu da muke da 'yan gudun hijira a sansanin Minawao, muke jin labarin Kolofata da Fotokol tun 2014, mu ne za a koya wa cewa akwai baƙin cikin da ba ya fita da murya mai daɗi?

Yanzu ga babbar tuhuma, wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Ba zan ɓoye muku ba, a cikin wannan kiɗa akwai masu zagin addini. A Nowe, a farkon shekarun 1990, wasu daga cikinsu sun ƙona coci-coci, kotu ta ɗaure su. Irin waɗannan ba za su taɓa shiga shirina ba, kamar yadda ba na sa waƙar batsa ko da Bahaushe ne ya yi ta. Su ma 'yan Togon nan suna ambaton kakanni da al'adun Ewe, wanda duk ya ga hakan bai dace da aƙidarsa ba yana da 'yancin murɗa akwatinsa. Wanda kuma ya bi fatawar cewa duk kayan kiɗa haramun ne, ni ba malami ba ne, ba ni da ja da shi, sai dai ya tuna hukuncin nasa ya hau kan kalangu da fiyano ma.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne ƙazafi. Wani matashi ya kira ya ce kiɗan ya burge shi. Nan take saƙonni suka biyo baya ana cewa ɗan ƙungiyar asiri ne, har da masu neman a faɗi unguwarsu. A ƙasar nan kowa ya san nauyin wannan kalma. Tana raba mutum da aikinsa, tana fasa aure, tana sa maƙwabta su daina amsa sallamarsa. An taɓa gani a wani wuri. A 2003, a Kasabalanka ta Maroko, an gurfanar da matasa 14 masu kiɗan metal da masoyansa bisa zargin bautar shaiɗan, har baƙaƙen riguna aka kawo a matsayin shaida. Aka yanke musu ɗauri daga wata ɗaya zuwa shekara ɗaya. Sai da 'yan jarida da jama'a suka tashi tsaye, kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. An wanke su a takarda, amma wa zai biya su kwanakin da suka yi a tsare da kunyar da iyayensu suka sha? Magana zarar bunu ce. Addinin da ake cewa ana karewa shi ne ya umarce mu da bincike kafin mu ɗauki labari, ya kuma hana mu mummunan zato.

Ga abin da nake nema a wurin masu sauraro, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. In ka ji waƙa ba ta yi maka ba, ka kira ka ce ba ta yi maka ba, zan sa muryarka a iska da hannuna. In kana zargin kalmominta, ka nemi fassara ka kawo mini baitin da ya saɓa, mu baje shi a faifai. In ba ka yi ko ɗaya ba, to ka bar mutuncin ɗan wani ya kwana lafiya. Masu neman a dakatar da shirin kuma su sani, gidan rediyon da ke sa wa mutane abin da suka riga suka sani kaɗai, gara a rufe shi a sayi katin waƙoƙi na dala ashirin a kasuwa. Abincin wani gubar wani, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Allah Ya ba mu kunnen sauraro da harshen adalci.