Noman rani: Gishirin da ke cin amfanin gona tun daga saiwa

Tun bayan da Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci kan samar da abinci a watan Yulin 2023, sanarwar gwamnati kan noman rani takan tsaya ne kan yawan hekta, buhunan taki da injinan ban-ruwa. Ba kasafai ake ambaton magudanar da za ta fitar da ruwa daga gona ba, alhali rashinta ne ke sa ƙasa ta yi abin da manoma ke kira kanwa.

Duk ruwan da ake shayar da gona da shi yana ɗauke da ɗan gishiri. Idan ya kwanta, rana ta ƙafar da shi, gishirin na nan, yana taruwa shekara bayan shekara har farin ɓawo ya bayyana a doron ƙasa. Rahoton da hukumar FAO ta fitar a Disambar 2024 ya nuna cewa gishiri ya shafi hekta kusan biliyan 1.4, wato kashi 10.7 cikin ɗari na ƙasar duniya.

Ɓarnar tana farawa ne tun kafin ido ya gani. Da farko gishiri kan riƙe ruwan ƙasa, sai shuka ta yi yaushi a cikin laima. Daga nan sinadarin sodiyam ya kutsa cikin ƙwayoyin saiwa ta ƙananan ƙofofin da ke jikin fatarsu, yana gogayya da fotasiyam, wato harafin K na takin NPK, wanda shuka ke buƙata wajen sarrafa abinci da buɗe ramukan numfashi na ganye.

Shuka kan kare kanta ta hanyoyi uku. Furotin da ake kira SOS1 yana tura sodiyam waje, NHX yana kulle shi a wata jaka a cikin ƙwayar, HKT1 kuma yana tsamo shi daga jijiyar ruwa kafin ya isa ganye. Duk wannan aiki kuzari yake ci, kuzarin da ya kamata ya tafi cikon zangarniya. Shi ya sa ƙarin taki ba ya magance matsalar.

Shinkafa, wadda aka fi zuba wa ruwa a Kadawa, Bakolori da kwarin Haɗejiya, tana cikin hatsin da suka fi rauni: amfaninta kan fara raguwa a kusan rabin gishirin da alkama ke jurewa. Masana sun samu ci gaba. Cibiyar IRRI ta shigar da juriyar shinkafar Pokkali ta Indiya cikin irin zamani, kuma a 2012 masu bincike a Ostireliya sun samar da alkamar da amfaninta ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a ƙasa mai gishiri. Amma ingantaccen iri jinkirta asara kawai yake yi. Wanke gishirin sai da magudana.

Don haka idan aka sake sanar da biliyoyin noman rani, ya kamata a tambayi 'yan majalisa da kwamishinonin noma: nawa aka ware wa yashe magudanai, kuma yaushe aka yi gwajin ƙasa na ƙarshe a gonakin da za a shayar?