Takaici Kaɗai Ba Ya Sa Mutum Ɗaukar Adda

Duk lokacin da rigima ta ɓarke a Jalingo, amsar da ke bakin kowa ita ce talauci da takaici. Haka aka ce a watan Oktoban 2020, lokacin da aka fasa rumbunan kayan tallafin korona har gwamnatin Darius Ishaku ta kafa dokar hana fita. Akwai gaskiya a zancen, domin tun 1939 John Dollard da abokan aikinsa na Jami'ar Yale suka danganta toshewar buƙata da kai farmaki. Amma tsadar da ke gasa mazauna unguwar Magami ita ke gasa na Mayo Gwoi da Sabon Gari, kuma mafi yawan magidanta haƙuri suke yi. A ganina, halin mutum ne ke tantance wanda zai fara ɗaga hannu idan rai ya ɓaci.

A 2002 masana halayyar ɗan Adam Delroy Paulhus da Kevin Williams suka haɗa munanan halaye uku wuri guda: ji da kai, makirci, da ƙeƙashewar zuciya. Kowanne da hanyarsa. Mai ji da kai ba ya jure raini. A gwajin Brad Bushman da Roy Baumeister na 1998, irin waɗannan mutane sun fi kowa ramuwa a kan wanda ya kushe rubutunsu. Mai ƙeƙasasshiyar zuciya ba ya buƙatar dogon dalili, kuma ba ya nadama. Makiri kuwa ba kasafai yake dukan kowa da hannunsa ba, sai dai ya zuga matasa ya koma gefe.

Za a ce wannan magana tana wanke shugabanni, tana ɗora laifi kan talaka. Ko kusa. Waɗannan halaye suna cikin ofis kamar yadda suke a tasha, kuma rage ƙuncin jama'a wajibin gwamnati ne, domin mugu ba ya samun mabiya sai inda takaici ya taru. Za a kuma ce ba a gane hali da ido. Gaskiya ne, shi ya sa ba a hukunta mutum kan zato. Amma unguwa ta san yaron da ke zaluntar na ƙasa da shi, ta kuma san wanda ke ɗaukar irinsa bangar siyasa. Iyaye, malamai da masu unguwanni su ja yaron a jiki tun yana tanƙwaruwa, masu zaɓe kuma su juya wa uban gidansa baya.