Darasin Tashar Lafiya Ga Dogon Kano Zuwa Maraɗi

Tun ranar 9 ga watan Fabrairu 2021, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, jama'a suke ɗokin ranar da fasinja zai shiga tarago a Kano ya sauka a Jamhuriyar Nijar. Hanyar mai tsawon kilomita 284, wadda aka ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilarta, an tsara za ta bi ta Dambatta da Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ita ce za ta zama hanyar dogo ta farko da ta ƙetare iyakar Nijeriya.

To, amma kafin a soma guɗa, ya kamata a waiwayi Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, domin can akwai darasin da za a koya. Lafiya tana kan dogon gabas, wanda Turawa suka faro daga Fatakwal, ya biyo ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan ya haɗe da Kaduna. Da aka buɗe gadar Binuwai a Makurɗi cikin 1932 sai jirgi ya riƙa wucewa kai tsaye. A 1964 kuma dogo ya isa Maiduguri, ya sada Lafiyar Barebari da ƙasar Barno, inda kakannin sarakunanta suka fito. Doya da hatsi da fasinjoji duk ta wannan tasha suke fita.

Sannu a hankali rashin gyara ya ci ƙarfin hanyar, jirgi ya daina zuwa, ciyawa ta rufe dogo. Har ta kai a 2021 'yan sandan jihar suka kama mutane da dama bisa zargin cire ƙarafan dogo ana sayarwa. A watan Maris na shekarar aka ƙaddamar da gyaran hanyar daga Fatakwal zuwa Maiduguri, amma a 2024 yankin Fatakwal zuwa Aba kaɗai jirgi ya soma bi. Idan hanyar da ke hannun hukuma ɗaya, cikin ƙasa ɗaya, ta lalace haka, ina ga wadda ƙasashe biyu za su yi tarayya a kanta?

Matsala ta farko ita ce faɗin dogo. Tsohuwar hanyar da ta ratsa Lafiya milimita 1,067 ne tsakanin ƙarafanta, ta Maraɗi kuwa milimita 1,435. Taragon wannan ba ya hawa kan waccan. Wato ko an gyara dogon gabas, mai doya daga Lafiya dole ya sauke kayansa a Kaduna ko Kano a sake yin lodi. Kowane sauke da ɗauka kuwa kuɗi ne da ɓata lokaci, kuma shi ne yake mai da ɗan kasuwa ga babbar mota.

Ta biyu, babu dogon da zai tarbi wannan a Maraɗi. Kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa hanya daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, da nufin haɗa ta da dogon Kwatano, aka yi bikin buɗewa, amma jigilar fasinja ba ta kankama ba. Wannan ya isa ishara cewa ƙarfe shi kaɗai ba ya tafiyar da jirgi.

Ta uku, wadda ta fi kowacce nauyi, ita ce iyakar kanta. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar aka sake rufe iyakar, sai a Maris 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Jirgin da za a iya tsayar da shi da sanarwa ɗaya a rediyo ba wanda zai ɗora kasuwancinsa a kansa.

Bayan wannan akwai tambayoyin da dole a amsa su a rubuce. A ina jami'an kwastan da na shige da fice za su binciki fasinja, a Jibiya ko a cikin jirgi yana tafe? Da naira za a sayi tikiti ko da sefa? Wa zai biya kuɗin gyara da tsaro? Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris 2022 ya tsayar da shi har watan Disamba, saboda haka batun tsaro ba abin wasa ba ne.

Tanzaniya da Zambiya sun magance irin wannan tun a 1975 da suka gama dogon TAZARA, inda suka danƙa shi ga hukuma guda ta haɗin gwiwa. Duk da ƙarancin kuɗi da jinkirin da ya sha fama da su, ya yi shekaru da dama yana ƙetare iyaka da fasinjoji.

Saboda haka ya wajaba Gwamnatin Tarayya da ta Nijar su zauna tun yanzu, su kafa irin wannan hukuma, su ware mata kuɗin gyara na kowace shekara, su kuma amince cewa saɓanin siyasa ba zai tsayar da jirgin fasinja ba. Haka nan a hanzarta gyaran dogon gabas, a tanadi wurin sauya kaya mai sauƙi a Kaduna da Kano, domin jirgin Maraɗi ya sami abin ɗauka daga gonakin Nasarawa da Binuwai. Tun ran gini tun ran zane. In ba a yi haka ba, abin da ya sami tashar Lafiya yana iya samun ta Jibiya.