Kamfanonin Kai Saƙo: Sauri Da Araha A Ma'aunin Mutumin Yankara

A 'yan shekarun nan, da wuya mutum ya buɗe jarida ko ya duba wayarsa bai ci karo da tallar wani kamfanin kai saƙo ba. Wannan ya ce shi ya fi kowa sauri, wancan ya ce shi ya fi kowa araha, na ukunsu kuma ya bugi ƙirji ya ce babu lungun da ba ya kai kaya a faɗin Nijeriya. Abokan aikina a jami'a sukan zauna su yi ta kwatanta farashin DHL da na UPS, da na Red Star Express mai wakiltar FedEx, da na GIG Logistics, da na sashen gaggawa na gidan waya, wato EMS. Ni ma da ina cikin masu wannan muhawara, har sai da wata larura ta nuna mini cewa duk lissafin da muke yi na mutanen birni ne, bai shafi mafi yawan 'yan uwanmu ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami a yau.

Ga wanda bai sani ba, Yankara gari ne a ƙaramar hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta bi ta Sheme ta nufi Tsafe da Gusau. Gari ne na manoma da 'yan kasuwa, kuma yana cikin yankin da 'yan bindiga suka addaba shekara da shekaru, tare da Ƙanƙara da Sabuwa. A can 'yar uwata take aure. Ɗanta, wanda ya yi karatu a gidana a Kano, ya bar mini ajiyar takardun shaidar karatunsa na asali, domin a irin waɗannan garuruwa mutum ba ya da tabbacin cewa ɗakin da ya kwana a ciki yau ba za a cinna masa wuta gobe ba.

A daminar bara, ranar wata Laraba da yamma, sai ga wayarsa. "Kawu, an kira mu tantancewar aikin koyarwa ranar Litinin a Faskari, kuma sun ce sai da takardu na asali." Kuɗin motar zuwa Kano da dawowa ba ya hannunsa, ga aikin gona ya kankama, ni kuma ina tsakiyar jarrabawa. Washegari da safe na saka takardun a ambulan na shiga gari.

A kamfanin farko, ma'aikaciyar ta daddanna kwamfuta ta ɗago kai ta ce, "Yallaɓai, Yankara a wace jiha take?" Da na gaya mata, sai ta ce saƙon zai tsaya a birnin Katsina cikin kwana biyu na aiki, mai shi ya zo ya karɓa. A kamfani na biyu farashin bai kai rabin na farko ba, amma kwanakin sun koma uku zuwa biyar, kuma nan ma a ofishinsu za a karɓa. Na uku ya yarda zai kai har gari, bisa sharaɗin in biya ƙarin kuɗin wuri mai nisa, in kuma rubuta sunan titi da lambar gida, sannan ba zai yi mini alƙawarin rana ba. Babu ɗaya daga cikin ukun da zai iya sa takardun nan a hannun yaron kafin safiyar Litinin.

Daga nan na wuce tasha. Wani direban motar Gusau, dattijo mai furfura, ya juya ambulan ɗin ya ce, "Malam, ka ba ni lambar yaron, ya tsaya mini a bakin titi." Abin da ya karɓa bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kamfanin farko ba. Kafin la'asar yaron ya bugo ya ce saƙo ya iso.

Mai karatu zai ce ai magana ta ƙare, direba ya ci gasa. To, ba a nan gizo ke saƙar ba. Amma kafin in zo kan direba, bari in yi abin da aka horar da ni a kai, wato nazarin harshe, domin rabin ruɗanin da ke cikin tallace-tallacen nan a cikin kalmomi yake ɓoye.

Kalma ta farko ita ce "daga". In ka ga an rubuta "daga naira kaza", to wannan farashin ambulan ne mafi sauƙi zuwa birni mafi kusa. A kansa ake ɗora harajin kaya, da ƙarin kuɗin mai, da kuɗin inshora, da na wuri mai nisa. Haka kuma manyan kamfanoni ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba. Sukan auna tsawon kwali da faɗinsa da tudunsa da santimita, su ninka su, su raba da 5,000, sannan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan sakamako da ainihin nauyin. Kwali mai santimita 50 da 40 da 30, ko da huluna ne a ciki marasa nauyi, a wurinsu kilo 12 ne. Ɗan kasuwar da bai san wannan ba zai ɗauka cutarsa aka yi, alhali ƙa'idar tana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, cikin harshen da ba ya karantawa.

Ta biyu ita ce "kwanakin aiki". Idan Bahaushe ya ce kwana uku, yana nufin rana ta faɗi sau uku. A bakin kamfani kuwa, Asabar da Lahadi da ranakun hutu ba sa cikin ƙidaya, kuma sau da yawa ranar da ka miƙa kayan ma ba ta ciki. Saƙon da aka karɓa ranar Alhamis a kan kwana uku, sai Talata ke nan. Su biyun duk "kwana" suka ce, amma kowa da abin da yake nufi.

Ta uku, wadda ta fi ci mini rai, ita ce "ko'ina a Nijeriya". A aikace, wannan ko'inan yakan tsaya ne a manyan biranen jihohi da wasu 'yan garuruwa. Kuma da yake ana rarraba kaya ne bisa sunan jiha, saƙon Yankara sai ya nufi birnin Katsina, duk da cewa Funtuwa da Gusau sun fi kusa da garin nesa ba kusa ba. A Hausa, ba a cewa saƙo ya isa sai ya shiga hannun mai shi. Wanda ya ajiye maka kayanka a wani gari mai tafiyar sa'o'i, ya ce ka zo ka ɗauka, ya yi rabin aiki ne ya karɓi cikakken lada, alhali kuwa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Saboda haka, ma'aunin gaskiya ga mutumin Yankara ya ƙunshi abin da aka biya a kanta, da kuɗin motar zuwa karɓa da dawowa, da yinin da ya ɓata ba gona ba kasuwa, da kuma kasadar da ya yi da ransa a hanya. Kuɗin mota ba abin rainawa ba ne tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Batun kasada kuwa, duk wanda ya tuna sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ya san yankin da ake magana a kai. In aka haɗa waɗannan duka, sau da yawa kamfanin da ya fi araha a takarda shi ne ya fi tsada a aljihu.

Yanzu mu dawo kan direba. Saurinsa da arahar sa suna da dalili: dama can hanyarsa ce, fasinjoji sun riga sun biya kuɗin mai, ba ya biyan hayar ofis, kuma adireshin da yake aiki da shi shi ne irin namu, wato "shagon mai taki, kusa da masallacin Juma'a". Sai dai ban ɓoye wa mai karatu ba, sa'o'in nan da takardun suke hanya ban iya gyara ko takardar jarrabawa ɗaya ba. Ba ni da rasit. Abin da na riƙe kawai shi ne lambar wayarsa da lambar motarsa da hoton takardun da na ɗauka. Da motar ta lalace, ko an tare hanya, ko ambulan ɗin ya faɗi a wurin sauke kaya, wa zan kama? Na san wani abokin aiki da maganin mahaifiyarsa ya salwanta ta haka, kuma amsar da ya samu a tasha ita ce a yi haƙuri, tsautsayi ne. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kamfani, duk da tsadarsa, yana ba ka takarda da lambar bin sawu da ƙofar da za ka je ka yi ƙorafi. Direba amana kawai yake ba ka, ita kuwa amana ta dogara ne ga halin mutum ɗaya.

Kuma wannan tsari na tasha a kan wayar salula ya tsaya. Mun ga haka a 2021, lokacin da gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A watannin nan, direba ba ya da yadda zai ce wa kowa ya tsaya masa a bakin titi. Saƙo ya koma hannun mai shayi da mai shago, ya kwana biyu ko uku kafin a ji labarinsa. Abin lura a nan shi ne, mutanen gari da kansu suka ƙirƙiri wakilan karɓar saƙo, abin da kamfanoni masu jari suka kasa yi.

Wannan matsala ba a kanmu aka fara ta ba. A Ingila, kafin 1840, kuɗin wasiƙa yana ƙaruwa ne gwargwadon nisa, har talaka ya haƙura da aikawa. Wani malamin makaranta mai suna Rowland Hill ya yi lissafi ya nuna cewa ɗaukar wasiƙa daga gari zuwa gari ba shi ne mai cin kuɗi ba, karɓa da rubutawa da rarrabawa su ne. Daga nan aka mayar da kuɗin ƙaramar wasiƙa kwabo ɗaya zuwa ko'ina a ƙasar. A Amurka ma sai a 1896 gidan waya ya fara kai wasiƙu ƙauyuka ba tare da ƙarin kuɗi ba. A duk wuraren biyu hukuma ce ta shigo, domin ɗan kasuwa, in an bar shi, inda riba take nan yake tsayawa, kuma ba na ganin laifinsa.

A nan ne nake kira ga hukumar gidan waya ta ƙasa, NIPOST. Dokar 1992 ta ba ta ikon bai wa kamfanonin kai saƙo lasisi, alhali ita ma tana gasa da su. Ba mu manta da Yulin 2020 ba, lokacin da ta fito da sabon kuɗin lasisi da ya kai naira miliyan 20 ga kamfanonin ƙasa da ƙasa, jama'a suka yi ca, har Ministan Sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya dakatar da shi. Ina ganin ikon lasisin nan zai fi amfani in aka yi aiki da shi wajen tilasta wa kowane kamfani ya bayyana, cikin harshen da mai aikawa yake ji, jimillar kuɗin da za a biya, da ranar isa ta kalanda, da sunan garin da kayan za su tsaya. Wanda ba ya zuwa Yankara ya daina cewa ko'ina.

Su kuma kamfanonin, su dubi masu POS. Garuruwan da bankuna suka ƙi buɗe reshe, ɗan ƙaramin shago da na'ura ɗaya sun wadatar da su. Me zai hana kamfani ya ɗauki amintaccen mai shago a Yankara, da wani a Sabuwa, da wani a Ƙanƙara, ya zama wakilinsa, a riƙa sauke masa kaya daga motocin da dama can suke bin hanyar kullum?

Ga shugabannin ƙungiyar direbobi ta NURTW kuwa, ina cewa kasuwar nan tana hannunku, ku kyautata ta tun kafin a ƙwace. Littafin rajista a kowace tasha, da rasit mai ɗauke da sunan direba da lambar mota, da farashi tsayayye, da ɗan asusun biyan diyya in kaya sun salwanta: waɗannan ba su fi ƙarfinku ba, kuma da su za ku haɗa sauri da araha da kwanciyar hankali wuri guda.

Kafin a kai ga haka, shawarata ga mai karatu ita ce, duk inda ka je aika saƙo ka yi tambaya huɗu: nawa ne gaba ɗaya, wace rana zai isa, a hannun wa zai tsaya, kuma wa zai biya in ya ɓace. Abin da ba a samun madadinsa, kamar takardar shaida ta asali, in da hali ka kai da kanka, domin magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce zuwa da kai ya fi saƙo. Ni dai na yi kasada na dace, yaron ya shiga tantancewarsa, amma da ya gama sai na ce masa ya riƙe takardun har sai ya samu mai zuwa Kano daga cikin dangi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Yankara da sauran garuruwanmu, Ya kuma tsare matafiya da direbobinsu, amin.